Ragar inuwa don dokin da ke wuni a fili: amfaninta da aibinta

Idan babu bishiya a filin da doki ke wuni, kuma babu halin gina barga, ragar inuwa tana cikin abubuwa mafi sauƙi da za a kafa masa a ka. Ita ce saƙar ledar nan mai ƙananan ƙofofi da ake gani wajen masu renon dashe da rumfunan ajiye mota. Hukuncina a kanta shi ne: daga Maris zuwa saukar ruwan fari ta fi tamfol nesa ba kusa ba, ta fi kwanon da aka kafa ƙasa-ƙasa, amma ba ta kai zana sanyi ba, da damina kuwa ba ta tare komai. Wanda ya saye ta da sunan rufi zai yi da-na-sani. Wanda ya saye ta don rana kaɗai, ya zaɓi mai nauyi, ya ɗaga ta sama sosai, ya kuma yi lissafin inda zai kafa turke, kuɗinsa bai faɗi ba.

Akwai masu cewa dokin ƙasar nan ya saba da rana. Ya saba, amma sabon ba kyauta yake zuwa ba, da gumi da ruwan jikinsa yake biya. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salshiyas, numfashinsa sau 8 zuwa 16 a minti ɗaya idan yana hutawa. A Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu iskar da ke kewaye da shi kan haura digiri 40, wato ta fi jininsa zafi, don haka ba shi da hanyar sauke zafi sai zufa. Ga rana tana dukan bayansa daga sama, ga ƙasa tana mayar masa da huci daga ƙarƙashin ciki. Inuwa ba ta rage zafin iska da wani abin kirki. Wannan dukan na sama da hucin na ƙasa su take yankewa, kuma su ne masu gajiyar da dabba. A 2013 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun ajiye dawaki a shinge mai inuwa da marar inuwa, suka samu waɗanda ke rana sun fi zafin jiki, sun fi saurin numfashi, sun fi zufa. Akawal ya fi kowa ɗaukar zafi saboda baƙin gashinsa. Danda da gunya da duk dokin da fatar hancinsa ja ce su kuma rana ƙona su take yi, hancin ya yi ja, ya tsattsage, ya riƙa salewa.

A kasuwa ragar iri biyu ce, kuma mai sayarwa ba lallai ya bambance maka ba. Akwai mai saƙar tabarma, zare a miƙe zare a gicciye. Da ka yanke ta sai ta fara warwarewa daga baki, ƙaramin huji kuma ya zama babba cikin mako guda na iska. Akwai mai saƙar sarƙa, wadda kowane zare ya maƙale da ɗan'uwansa. Wannan ko an huda ta hujin yana tsayawa inda yake. Ta biyun ita ce ta doki. Ka nemi a yanko maka ɗan ƙyalle, ka ja bakin da yatsa. Idan zare ya biyo ka, bar ta.

Sai lambar da ake rubutawa a jikin bandir: 50, 70, 80, 90. Wannan kason hasken da take tarewa ne cikin ɗari. Mai 50 ta tumatir da barkono ce, doki a ƙarƙashinta kusan a rana yake. Mai 80 zuwa 90 ita ce daidai. Abin da ya wuce haka saƙarsa ta yi ƙulli da yawa, iskar zafi ba ta samun hanyar fita ta sama, kuma guguwa ta fi kama ta. Lambar da ke kan takarda ba koyaushe take gaskiya ba, amma gane hakan ba wuya: akwai manhajar auna haske a waya, ka auna a rana, ka auna a ƙarƙashin ragar a tsaye wuri ɗaya. Mai 80 ta gaskiya za ta bar kusan kashi ɗaya cikin biyar na hasken farko.

Abin da ya fi lambar nan muhimmanci, kuma aka fi yin sakaci da shi, nauyi ne. Ragar noma sau da yawa ba ta kai giram 200 a murabba'in mita ɗaya ba. Wadda ake yin rumfar mota da ita tana kaiwa giram 280 zuwa 340. Bambancin kuɗinsu babba ne, amma a buɗaɗɗen fili inda babu katangar da za ta karya iska, mai nauyin ita ce mai arha. Haka kuma a tabbatar an haɗa ledar da sinadarin kare ta daga hasken rana tun daga masana'anta. Marar shi tana yin kyau a watannin farko, daga baya sai ka taɓa ta ta marmashe a hannu, gutsattsarin su zuba cikin harawa. Wajen launi ba sai an wahalar da kai ba. Baƙa ta fi jure rana, amma ita kanta tana ɗaukar zafi. Mai ruwan ƙasa ta fi mayar da haske. In dai rumfar na da tsawo, bambancin da doki zai ji kaɗan ne.

Ga awon da nake ganin ya dace da doki ɗaya a turke: mita 6 a tsawo, mita 4 a faɗi, mita 3.5 daga ƙasa zuwa raga. Ƙafa 12 sau ƙafa 12 da ake yi wa ɗakin barga ya ishi doki a cikin gini, amma bai isa ba a nan, don inuwar rumfa tafiya take yi, zan zo kan wannan. Tsawon mita 3.5 kuma dalili biyu ne. Na farko, zafin da ragar ta ɗauka ya yi nisa da bayan dabbar, iska ta ratsa tsakani. Na biyu, ingarma idan ya yi tsaye da ƙafa biyu ko ya miƙa wuya kada ya kai gare ta. Doki mai zaman kaɗaici yana tauna duk abin da bakinsa ya samu, zaren leda kuma ba ya narkewa, yana iya dunƙulewa ya toshe hanji.

Dirkoki shida ake bukata, uku kowane gefe, mita 3 tsakaninsu. Bututun ƙarfe mai inci 3 wanda ba ya tsatsa, mai kauri, ba irin na ƙafar gado ba. Kowane rami ya kai santimita 90 a zurfi da 40 a faɗi, don haka a yanke kowane bututu mita 4.4, ragowar da ta fita daga sandar a yi tokare da ita a kusurwoyi huɗu, can sama inda kan doki ba ya kaiwa. Kwaɓin kankare siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, kusan buhun siminti guda ga kowane rami. A walda ɗan guntun ƙarfe a gicciye a gindin bututun kafin a binne, shi zai hana iska zare shi. A bar kankaren ya yi mako guda ana zuba masa ruwa kafin a ɗora masa wani nauyi. Masu gaggawa da ke ɗaure raga washegari su ne za ka ga dirkokinsu sun sunkuyo ciki, daga nan kuma ragar ba za ta ƙara ɗamewa ba. Wanda ya fi son itace ya nemi mai tauri irin ƙirya, ya shafe gindin da maganin gara, ya kuma sani cewa doki zai ci ɓawonsa.

Ɗaurin shi ne rabin aikin. Yawancin ragar da ta yage ba rana ce ta kashe ta ba, kaɗawa ce. Idan ta yi sako-sako, kowace iska sai ta ɗaga ta ta maka a kan ƙarfe, wurin da take gogar ya cinye. A kai wa mai ɗinkin tamfol ya ninke bakinta sau biyu, ya zura igiya a cikin ninkin. A sama a zagaye rumfar da bututu mai inci 1.5 ko wayar ƙarfe mai milimita 6 da abin ɗamewa mai zare a kowace kusurwa. Sannan a ɗinke ragar a jiki da igiyar leda, kowane santimita 30 a sa ɗauri. Kada a ɗaure ta a kusurwa huɗu kawai, nauyin iska duka zai taru a wuri huɗu ya ɓalle su ɗaya bayan ɗaya. Kada a yi amfani da wayar ɗaurin rodi, tana yanka zare, guntayenta kuma suna faɗowa inda doki ke taka ƙafa. A goge duk tabon walda da ke da kaifi, a kuma gama walda gaba ɗaya kafin a hau da ragar, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya huda ta. Bayan mako biyu za ta ɗan saki, a sake ɗame ta. A zura waya ɗaya ko biyu ta ƙarƙashinta a tsakiya don kada ta yi ciki.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, ko da kayan masu kyau ne. Ana kafa rumfa, a kafa turke a tsakiyarta daidai, a duba da azahar a ga doki cikin inuwa, a ce aiki ya yi. A dawo da la'asar a tarar da inuwar ta koma gefe, doki yana tsaye a ƙarƙashin rufi amma rana na dukan haƙarƙarinsa, ya ja igiya iyakar tsawonta ya sa kansa kaɗai a inuwar. Dokin da aka saki yana bin inuwa da ƙafarsa. Na turke ba shi da wannan damar, mai shi ne zai yi masa lissafin.

Lissafin ba mai wuya ba ne. A Kano da garuruwan da ke layi ɗaya da ita, rana tana tsayawa daidai tsakar ka a ƙarshen Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta, da misalin ƙarfe 12:30. Zuwa 3:30 na yamma ta karkata rabin hanya, kuma a wannan lokaci inuwar kowane abu tana daidai da tsawonsa. Ke nan rumfa mai mita 3.5 daga ƙasa zuwa raga inuwarta ta matsa mita 3.5 zuwa gabas, a daidai sa'ar da iska ta fi zafi. Idan faɗin rumfar daga gabas zuwa yamma mita 4 ne kacal, abin da ya rage a ƙarƙashinta rabin mita ne. Shi ya sa doguwar fuskar, mai mita 6, za ta miƙe daga gabas zuwa yamma: da la'asar sauran inuwa mita 2.5 a ciki, ga wata mita 3.5 a waje ta gabas. Turken kuma kada ya zauna a tsakiya. A matsar da shi gabas, kamar mita 2 daga bakin gabas ɗin, a bar gefen nan a buɗe ba shinge, a ba doki talala da za ta kai shi inuwar da ta fita waje ba tare da ta naɗe dirka ba. Ranar safe za ta ɗan same shi, amma ranar hantsi ba ita ce mai illa ba.

Da sanyin hunturu kuma lissafin ya juya. A Disamba rana tana bi ta kudu, ko da tsakar rana inuwar rumfa mai mita 3.5 tana faɗawa kusan mita 2.5 zuwa arewa. Wannan ba matsala ba ce, har ma alheri ne, domin rana tana shiga ƙarƙashin rumfar ta busar da fitsari. Sai dai kada a jingina rumfar da katanga ta arewa, inuwar za ta hau bango ta bar doki. Hanya mafi tabbas kafin a haƙa rami ko ɗaya ita ce a kafa gora mai mita 3.5 a wurin, a sa alama a ƙarshen inuwarta ƙarfe 10, ƙarfe 1, ƙarfe 3 da ƙarfe 5. Alamomin nan su za su nuna inda turke zai zauna.

Wasu na rataya wani ƙyallen ragar ta yamma kamar labule. Yana aiki ƙwarai, da sharaɗin a karkata shi waje a kafe gindinsa inda igiyar doki ba ta kaiwa. Kada a rufe gefe fiye da ɗaya, da an toshe iska amfanin ragar ya tafi.

Idan dawakin sun fi ɗaya, a ƙara mita 4 a tsawo ga kowane doki. Ingarmu biyu kuwa tazarar turakunsu ta zama yadda ko sun juya baya sun yi harbi ba za su sami juna ba, ko a gitta bututu tsakaninsu. Ga goɗiyoyi da duƙushi da aka saki cikin shinge, a nan ragar ta nuna fifikonta a kan ɗaki: gefe huɗu a buɗe, babu lungun da mai ƙarfi zai ritsa marar ƙarfi. Duk da haka a lura kwana biyun farko, idan akwai wadda kullum ake korowa rana, rumfa biyu ƙanana a rabe sun fi babba guda.

Aibinta na farko ruwa ne. Yana ratsa ta, ya taru a inda ta yi ciki, ya riƙa ɗiga bayan an ɗauke. Da yake ƙasan ba ya samun rana sosai, taɓo da kashi da fitsari suna daɗewa ba su bushe ba, kofato ya yi laushi, tsakiyar tafinsa ta ruɓe ta yi baƙi tana wari. Maganin shi ne a ɗaga daɓen da marmara kamar santimita 15 sama da filin, a daddaɓe, a ba shi ɗan gangare, a kwashe kashi safe da yamma. Idan an shimfiɗa rairayi don laushi, kada a zuba harawa ko dusa a kansa. Doki yana haɗiye yashi tare da abinci, ya taru a hanji ya kawo ciwon ciki. A sa komi.

Na biyu iskar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas gaban hadari a Mayu da Yuni. Raga ta fi tamfol da kwano tsira daga gare ta don iska na ratsawa, amma sako-sakon ɗauri ko ƙaramin rami ba sa kai labari. Wanda ke da inda zai kai dokinsa da damina, gara ya sauke ragar da zarar ruwa ya zauna, ya wanke, ya shanya, ya naɗe, ya ajiye inda ɓera ba ya kaiwa. Hakan na ƙara mata shekaru. Kuma dirkokin ƙarfe a tsakiyar fili ba wurin barin dabba ba ne idan ana tsawa.

Na uku, ba gidan sauro ba ce. Ƙofofinta sun yi wa ƙuda da sauro faɗi, balle ƙananan ƙwarin nan masu cizo da magariba da asuba waɗanda ke yaɗa cutar dawaki ta Afirka. Wanda kuma ya saba hura wuta da yamma don hayaƙi ya kori ƙwari, ya nisanta ta da rumfar, ledar tana narkewa tun wajen digiri 130. Ƙurar hunturu ma tana cika ƙofofin, ta toshe iska, ta riƙa zubowa idon doki. A fitar da shi a wanke ragar da ruwa zalla kafin bazara ta kama.

Zana da jinkar ciyawa sun fi ta sanyi, wannan babu musu, kuma a ƙauye sun fi ta arha. Matsalarsu gara, gobara, sauyi kusan kowace shekara, da kuma doki da ke cinye duk inda ya kai. Kwano yana tare ruwa, yana daɗewa, amma idan bai kai mita 3.5 zuwa 4 ba da rana gasa dabba yake yi. Sai an shafa masa farin fenti a sama ko an shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa, kuma bakinsa wuƙa ne idan iska ta ɓalle shi. Tamfol ban ga dalilin sa shi a kan doki ba: yana riƙe zafi, yana tara ruwa, ƙarar kaɗawarsa tana firgita dabba. Bishiya ta fi su duka, musamman gawo, wanda ke cika da ganye da rani ya kakkaɓe da damina, ga 'ya'yansa abinci. Tsamiya da maɗaci da darbejiya ma suna yi. Mai fili nasa na kansa ya dasa biyu ko uku ta yamma da rumfar ranar da ya kafa ta, ya kewaye su don kada a ɓare musu ɓawo. Kafin raga ta biyu ta tsufa darbejiya ta fara karɓar aikin. A cire zurma da bini-da-zugu da zaƙami daga duk inda talala ke kaiwa, guba ne.

Ruwan sha ya zauna cikin inuwar, ta gefen da ba ta barinsa da la'asar. Doki mai matsakaicin jiki yana shan lita 25 zuwa 50 a rana, a bazara ko bayan sukuwa ya wuce haka, kuma ruwan da ya wuni a rana cikin baƙar roba ƙinsa yake yi. A ajiye gishiri kusa. Don sanin ko rumfar tana aiki, a ƙirga numfashin dokin ƙarfe 3 na yamma yana hutawa, ana kallon cikinsa minti ɗaya cur. Idan yana kusa da 16 ko ƙasa, kuma yana cin harawarsa, ta yi. Idan ya haura 30, hanci a buɗe, ko jikinsa da zafi amma a bushe babu zufa, ko ma'auni ya nuna zafin jikinsa ya kai digiri 40, a yi ta kwara masa ruwan sanyi a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi ba tsayawa, a ba shi ya sha, a kira likitan dabbobi nan take.